Yadda Ake Ɗanɗana Baƙar Giya da Wadda Ta Kwana a Ganga

Wannan bayani na manya ne waɗanda addininsu da lafiyarsu ba su hana su shan giya ba. Mai juna biyu da wanda zai tuƙa mota ba su cikin lissafi.

Baƙin giya daga gasasshen sha'ir yake fitowa. Ana soya ƙwayar a zafin da ya haura digiri 200, kamar yadda ake soya 'ya'yan gahawa, sai a zuba kaɗan cikin sauran hatsin, sau da yawa bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Don haka launi ba ya nuna ƙarfi. Guinness da ake zubawa a mashayun Dublin kashi 4.2 ne na barasa, wadda ake yi a Ikeja tun farkon shekarun 1960 kuwa kashi 7.5 ce. Nau'in baƙar giya mai nauyi da ake kira imferiyal sitawut, wanda Ingila ta riƙa aika wa fadar Rasha a ƙarshen ƙarni na 18, yakan wuce kashi 10.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne sanyi. Kwalbar da ta fito daga firiji tana wajen digiri 4, kuma a wannan sanyin ƙamshi ba ya tashi, harshe ba ya jin komai sai ɗaci da ƙauri. Baƙar giya mai nauyi tana buɗewa ne tsakanin digiri 10 zuwa 13. A ƙasa mai sanyi a fito da ita minti 20 zuwa 30 kafin a buɗe. Inda ake zafi minti 10 ya isa. Kada a sa ƙanƙara.

A samu kofin gilashi mai faɗin ciki da tsukakken baki, domin shi ke tara ƙamshi. A ɗauraye shi da ruwa zalla, saboda ragowar sabulu ko maiƙo na kashe kumfa nan take. A karkata kofin, a zuba a jikinsa, idan ya kai rabi a miƙe shi don kumfa ta taru kamar kaurin yatsa. Mililita 60 zuwa 90 ya wadatar. Ƙaramar kwalba mai mililita 330 da ke da kashi 13 ta fi irin wannan kwalba biyu da rabi na giya mai kashi 5 yawan barasa, shi ya sa ake raba ta tsakanin mutum uku ko huɗu.

A ɗaga kofin wajen haske. Da yawa daga cikin waɗanda ake gani baƙi ƙirin, gefensu ja ne kamar zoɓo mai kauri. Sai a juya kofin a hankali, a shinshina gajeru sau biyu ko uku, a janye hanci. Dogon shaƙa na gajiyar da hanci, barasa ta rufe komai. Kurɓin farko ƙarami ne, a bar shi ya zagaya baki, a haɗiye, a fitar da numfashi ta hanci. A nan ne gardin gahawa, cakulan, dabino ko zabibi ke bayyana. Bayan minti 10 a sake kurɓa. Za a ji kamar an canza giyar.

Batun ganga ya fi buƙatar natsuwa. Dokar Amurka ta ce wuskin da ake kira burbon ba a ajiye shi sai a sabuwar gangar itacen oak da aka babbake cikinta, don haka tsofaffin ganguna masu cin kimanin lita 200 suke samuwa da yawa. Kamfanin Goose Island na Chicago na cikin waɗanda suka fara zuba sitawut a irinsu a shekarun 1990. Giyar kan yi watanni, wani lokaci fiye da shekara, tana shiga katakon tana fita yayin da zafi da sanyi ke sauyawa. Itacen na ba ta ƙamshin banila da kwakwa, babbakakken cikin ya ba ta ɗanɗanon ƙonannen sukari, ragowar wuskin ya ƙara ɗumi a maƙogwaro. Abin dubawa shi ne ko har yanzu ana jin gasasshen sha'irin a ƙarƙashin wannan duka. Idan wuski kaɗai ake ji yana ƙona maƙoshi, gangar ta danne giyar. Idan baki ya bushe da bauri kamar an tauna ɗanyen goro, ta daɗe a katako fiye da kima.

Warin jiƙaƙƙen kwali alama ce iska ta shiga giyar. Ƙamshin man shanu na nufin an raba ta da yis kafin ya gama aikinsa, ko ƙwayoyin cuta sun shiga. Gishiri-gishiri irin na ruwan magi yakan fito a kwalbar da ta tsufa ainun. Tsami a sitawut aibi ne, galibi daga gangar da ba ta da tsabta, amma jar giyar Rodenbach ta Beljiyam da gangan ake tsamama ta a manyan gangunan katako.

Idan za a gwada iri-iri, a fara da mara ƙarfi a ƙare da ta ganga, kada a wuce huɗu a zama ɗaya, a riƙa kurɓar ruwa da gutsurin burodi a tsakani. Kwalbar da za a ajiye a tsayar da ita a wuri mai duhu da sanyi, kusan digiri 12. Wadda aka sa wa gahawa ko kwakwa kada a ajiye ta, domin ƙamshinsu ne ke fara gushewa cikin 'yan watanni.