Nyistandsat: Kalmar da Ta Cinye Mini Kuɗin Ajiya a Denmark

Karɓar lambar CPR, wato lambar shaida da ake ba kowane mazaunin Denmark, da buɗe asusun banki ba su ba ni wahala ba, domin 'yan uwanmu da ke Copenhagen da Aarhus, Allah ya saka musu da alheri, sukan raka baƙo har ya kammala. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda sababbin zuwa ke sa hannu a takardar haya ba tare da sun nemi a karanta musu ba, alhali akwai kalma guda a ciki da za ta iya jawo musu asarar kuɗin ajiyar da ake ba mai gida, wanda kan kai kuɗin hayar wata uku.

Nyistandsat sifa ce da aka haɗa daga ny, wato sabo, da istandsat, abin da aka gyara aka mayar da shi yadda ya kamata. Idan an siffanta gida da ita, ana nufin ba a daɗe da shafa masa fenti da goge katakon daɓensa ba. Ni na ɗauka yabon gida ne kawai, ashe takardar, wadda na sa wa hannu kafin 2015, ta wajabta mini in mayar da shi sabo fil. Ranar da zan tashi, mai gidan ya bi bango yana shafawa da yatsa, ya nuna ramukan ƙusa biyu inda na rataye agogo, sannan ya riƙe ajiyata gaba ɗaya.

Daga 1 ga Yuli, 2015, doka ta hana sanya wannan sharaɗi a sababbin yarjejeniyoyi. Yanzu gyaran da ya zama dole kaɗai ake iya ɗora wa ɗan haya, amma wannan ma kuɗi ne masu yawa, kuma wasu masu gidaje suna cusa sharuɗɗa a sashe na 11 na takardar, inda ido ba ya saurin kaiwa.

Kana da kwana 14 daga ranar da hayar ta fara don ka sanar da mai gida duk wani lahani a rubuce. Ka ɗauki hoton kowane tabo, har ƙarƙashin tagogi da bayan ƙofa, ka adana rahoton shiga gida da ake kira indflytningsrapport. Idan an zalunce ka, akwai huslejenævn, kwamitin da ke warware rikicin haya a ƙaramar hukumarka, kuma ƙungiyar 'yan haya ta LLO tana taimaka wa mambobinta wajen rubuta ƙara.