Yadda za ka gano tauraron Alfa Sentauri kuma ka lissafa nisansa da nauyinsa da haskensa

Alfa Sentauri shi ne na uku a haske cikin taurarin da ido ke gani da dare, kuma gungunsa, na taurari uku, shi ne ya fi kowanne kusa da Rana. Yana can ƙasa-ƙasa a sararin kudu, don haka mutanen Ingila da Jamus ba sa ganinsa ko kaɗan, amma mu a nan ana ganinsa. Daga Kano yana tashi kimanin digiri 17 sama da inda sama ta haɗu da ƙasa, daga Damagaram kimanin 15, daga Akara kuwa ya haura 23. Abin da nake so mai karatu ya fahimta shi ne, alƙaluman da ake faɗa game da wannan tauraro ba na hadda ba ne, kowanne yana da awon da ya haife shi, kuma da kalkuleta ta waya za ka iya bin sawun lissafin da kanka.

Fara da ganinsa. Ka nemi fili a bayan gari, inda gini ko dogayen bishiyoyi ba su tare kudu ba, kuma babu hasken fitilu a gabanka. A farkon watan Mayu yana kai ƙololuwarsa wajen ƙarfe 12 na dare, a tsakiyar Yuni wajen ƙarfe 9, sai dai a lokacin hadari ya fara rufe sama. A tsakiyar Fabrairu kuwa ana samunsa da asuba, idan ƙurar hunturu ta lafa. Ka fuskanci kudu sosai, ka miƙa hannu ka dunƙule shi. Faɗin dunƙulen kimanin digiri 10 ne, saboda haka dunƙule ɗaya da rabi daga ƙasa zai kai ka wurin. Za ka ga taurari biyu masu haske a jere. Na hagu, wanda ya fi haske kuma ya ɗan yi ruwan ɗorawa, shi ne Alfa Sentauri. Na dama mai ɗan shuɗi shi ne Hadar. Idan ka ja layi daga na hagu ta kan na dama, zai kai ka kan taurari huɗu masu siffar gicciye, wannan ne tabbacin ba ka ɓata ba. Tsohon sunansa Rijil Kentaurus daga Larabci ya fito, daga kalmar da ke nufin ƙafa.

Ido yana ganin ɗigo ɗaya, amma ƙaramin madubin hangen nesa yana raba shi biyu, A da B. Wani malamin addinin Kirista Bafaranshe, Jean Richaud, ya lura da haka a Indiya a shekarar 1689. Dukansu suna cikin abin da masana ke kira babban jerin taurari, wato waɗanda har yanzu suke narka sinadarin haidirojin ya koma hiliyam a can tsakiyarsu, kamar yadda Rana take yi.

Nisa shi ne tushen komai, don haka a nan za mu daɗe. Ka ɗaga babban yatsanka a gabanka, ka rufe idon dama ka buɗe na hagu, sannan ka sauya. Za ka ga yatsan ya goce a kan bangon da ke bayansa, kuma yayin da kake nisanta shi daga fuskarka gocewar tana raguwa. Haka ake yi wa tauraro, sai dai a maimakon idanu biyu ana amfani da wurare biyu da duniya ke tsayawa a zagayenta na Rana, wata shida tsakani. Rabin wannan gocewa ake ɗauka a lissafi, kuma ga Alfa Sentauri ya kai kimanin 0.75 na sakan ɗin kusurwa. Sakan ɗaya na kusurwa kashi ɗaya ne cikin 3,600 na digiri. Don ka ji ƙanƙantarsa, ka ɗauka an ajiye ƙwayar goro guda a nisan kilomita 8, aka ce ka auna faɗinta daga inda kake tsaye. Thomas Henderson ya yi wannan awo a Afirka ta Kudu tsakanin 1832 da 1833, amma bai fitar da sakamakon ba sai 1839, kuma a ganina wanda ya san irin wahalar awon ba zai yi saurin zargin jinkirinsa ba.

Lissafin kuwa mai sauƙi ne. Ka raba 1 da 0.75, za ka sami 1.33, wannan shi ne nisan a fasek, ma'aunin da masana ke auna nisan taurari da shi. Ka ninka da 3.26, za ka sami kimanin 4.35, wato shekarun da haske ke yi a hanya kafin ya iso gare mu. A kilomita ya haura tiriliyan 41.

Sai nauyi, wanda shi ne ya fi burge ni, domin ba a ɗora tauraro a kan sikeli. Albarkacin zamansu biyu ake samunsa. A da B suna zagaye juna cikin kimanin shekara 79.9, kuma matsakaiciyar tazarar da ke tsakaninsu, kamar yadda ake auna ta daga nan, sakan 17.5 ne na kusurwa. Ka raba 17.5 da 0.75, za ka sami 23.3, ma'ana tazararsu ta ninka tazarar duniya da Rana sau 23.3, ita kuwa wannan tazara kimanin kilomita miliyan 150 ce. Yanzu ka ɗauko dokar Kepler ta uku, wadda ke fitar da nauyi daga tazara da tsawon lokacin zagaye: ka ninka 23.3 da kanta sau uku, abin da zai ba ka kusan 12,650, sannan ka ninka 79.9 da kanta, ka sami kusan 6,384. Ka raba na farko da na biyu, amsar ta kusa 2. Wato su biyun a haɗe sun yi nauyin Rana biyu. Don a raba wa kowanne nasa, sai a duba wanda ya fi kaiwa da komowa a kewayen tsakiyar da suke zagayawa, domin mai sauƙin nauyi shi ya fi yin nisa da ita. Ta haka aka sami A yana da 1.08 na nauyin Rana, B kuma 0.91.

Zafi daga launi ake karanta shi, kamar yadda maƙeri ke gane zafin ƙarfe a wuta ta hanyar duban ko ja ne ko ya fara fari. Idan aka warware hasken A a na'ura, ana samun zafin fuskarsa kimanin 5,790 a Kelbin, ma'aunin zafi na masana kimiyya, na Rana kuwa 5,772, shi ya sa aka sa su a aji ɗaya, G2. B ya fi sanyi, kimanin 5,260, don haka ya karkata zuwa ruwan lemo.

Faɗin kowannensu an auna shi kai tsaye da manyan madubai da aka haɗa aikinsu a dutsen Paranal na ƙasar Chile, aka sami A ya ninka Rana sau 1.22, B kuma 0.86. Da faɗi da zafi a hannunka, ƙarfin haske ya samu. Ka ninka 1.22 da kanta, ka sami 1.49. Ka raba 5,790 da 5,772, ka ninka amsar da kanta sau huɗu, ka sami kusan 1.01. Ka ninka su biyun, za ka ga A yana fitar da haske ninki ɗaya da rabi na Rana. Ka gwada haka da alƙaluman B, za ka sami kusan rabin na Rana. Ka lura da yadda ɗan bambancin nauyi, 1.08 da 0.91, ya haifar da bambancin haske har ninki uku. Wannan ɗabi'a ce ta taurarin babban jeri, kuma ita ce dalilin da ya sa mai nauyi ke riga marar nauyi ƙarar da makamashinsa.

Idan kana da madubi, kada ka ɓata dare wajen neman Furokzima, ɗan ƙaramin jan tauraro na uku da Robert Innes ya gano a 1915, domin ya yi dishi-dishi ƙwarai, ga shi kuma cikin cunkoson taurari. Ka mai da hankali kan A da B. Ka jira lokacin da suka kai ƙololuwa, saboda kusa da ƙasa iska tana sa hoton rawa, sannan ka zana matsayin B a gefen A cikin littafi tare da kwanan wata. Ka maimaita kowace shekara a wata ɗaya. Zagayen nasu ba da'ira ce cikakkiya ba, tazararsu tana sauka daga kimanin ninki 36 na tazarar duniya da Rana zuwa ninki 11, kuma za su kai kusancinsu na gaba a shekarar 2035, don haka zanenka na shekarun nan zai nuna B yana sauya wuri a fili.