Yadda ake zaɓen sufabaiza da kwamitin kundi a digiri na biyu da na uku

Yawancin ɗaliban da na ga sun maƙale a digiri na biyu ko na uku ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza musu ba. Kwasa-kwasai sun cinye su da maki mai kyau. Da aka zo kan kundi ne babi na biyu ya yi wata da watanni a kan teburin malami, su kuma suna ta sabunta rajista duk shekara. Ba zan tsaya kan neman gurbi da cike fom ba, na ɗauka ka samu har ka fara shiga aji.

Abu na farko, ka cire wa ranka cewa ba ka da ta cewa wajen zaɓen sufabaiza, wato malamin da zai jagoranci kundinka. Gaskiya ne a jami'o'inmu, ko ABU Zariya ko Bayero ko Ɗanfodiyo, sashe ne ke raba ɗalibai ga malamai, makarantar karatun gaba da digiri ta amince. Ba kamar Amurka ba ne, inda ɗalibi ke bin malamai ɗaya bayan ɗaya yana neman su shiga kwamitinsa, wato rukunin malaman da za su riƙa duba kundinsa. Amma rabon ba ƙuri'a ake jefawa ba. Kodineta, wato malamin da ke kula da karatun gaba da digiri a sashe, taken bincikenka yake dubawa ya ga fannin wa ya faɗa, kuma idan malami ya ce a zaman sashe, "Wannan yaron ku ba ni shi," da wuya a hana shi. Ke nan zaɓen tun zangon farko ake yinsa, kafin a lika jerin sunaye a allo. Wanda ya jira allo, an riga an zaɓa masa.

Na biyu, fitar da sunaye uku. Buɗe Google Scholar, shafin intanet na neman maƙalolin bincike, ka ga abin da kowannensu ya wallafa a 'yan shekarun nan, ba abin da ya yi suna da shi tun kana firamare ba. Ka karanta aƙalla maƙala biyu na kowane. Ka kuma duba littafin dokokin makarantar, domin ba kowane mai dakta ne aka yarda ya jagoranci digiri na uku ba.

Yanzu ga inda mutane ke faɗuwa. Suna jin sunan farfesan da ake hira da shi a rediyo, sai su ce shi ke nan. To, ba girin-girin ba, ta yi mai. Tambayar ita ce: yana karanta aikin ɗalibi, ya dawo da shi?

Amsar tana laburare. Je sashen da ake ajiye kundaye, a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim idan a Zariya kake, ko ƙaramin laburaren sashenku. Ciro kundayen shekarun baya-bayan nan. Shafin amincewa zai nuna maka wanda ya shugabanci kwamiti da sauran membobi, kowa da sa hannunsa. Lambar rajistar ɗalibi galibi tana ɗauke da shekarar da ya shiga, bango kuma yana ɗauke da wata da shekarar da ya gama. Ɗebe wannan daga wancan, ka rubuta a gaban sunan malamin. Yi wa kundi biyar ko shida haka, hoton zai fito da kansa. Sai dai ka yi adalci: a 2020 yajin aikin ASUU ya kai kusan wata tara, ga kullen korona, a 2022 kuma an yi wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wannan ba laifin kowane sufabaiza ba ne. Amma idan ɗaliban malami ɗaya da suka shiga shekara guda da na wani sun riga su fita da shekara biyu, ba yajin aiki ba ne. Shafin godiya kuwa kada ka ɓata lokaci a kai, kowa a can "uba ne mai haƙuri".

Daga nan nemi ɗalibansa, amma ba a bakin ofishinsa ba. Kai mutum wajen mai shayi. Kada ka ce "Yaya malam yake?", domin "Wallahi mutumin kirki ne" za ka ji. Tambaye shi babinsa na ƙarshe kwana nawa ya yi kafin ya dawo. Ce ya nuna maka takardun. Idan ka ga jan biro ya cika gefe, an ja layi an rubuta "ina hujjarka?", wannan malami ne, ko da yana da faɗa. Idan takarda ta dawo fara fes da sa hannu kawai, ranar kare kundi kai kaɗai za ka tsaya gaban mai jarrabawa na waje, wato malamin da ake gayyatowa daga wata jami'a ya auna kundin. Tambayi kuma ko yana karɓa ta imel ko sai an buga. Ba ƙaramar magana ba ce: kundi mai shafi ɗari da hamsin, kwafi uku, a buga a sake bugawa bayan kowane gyara, ga kuɗin mota idan daga wani gari kake zuwa. In da hali, nemo wanda ya bar hannun malamin ya koma wani. Ba duk abin da zai faɗa za ka ɗauka ba, amma ka ji.

Sai kalanda. Farfesa a jami'o'in tarayya yana ritaya ne a shekara 70, sauran malamai a 65. Wanda ya rage masa shekara biyu ba na mai fara digiri na uku ba ne. Bincika ko yana shirin tafiya hutun sabatika, wato na shekara guda da malami ke barin sashensa, ko ana raɗe-raɗin ba shi shugabancin tsangaya ko kwamishina. Ni dai dokata ita ce: babban lakcara mai neman ƙarin girma ya fi babban farfesa. Yana buƙatar ɗalibai su gama a hannunsa, yana buƙatar maƙaloli, don haka gamawarka ribarsa ce. Farfesan a sa shi memba, sunansa ya yi maka rana.

Idan ka tsayar da mutum, je ofishinsa a lokacin aiki da shafi ɗaya tak: matsalar, inda za ka samo bayanai, da yadda ta haɗu da aikinsa. "Ranka ya daɗe, na karanta maƙalarku kan kaza, ina so in ɗora a kai, ko za ku duba mini?" Kada ka kuskura ka ce ya ba ka take. Ɗalibai mata, ku riƙe wannan tsarin na ofis da lokacin aiki tun ranar farko, har a gama.

Kwamiti mutum biyu ne ko uku, ya danganta da makaranta. Kada ka kai wa kodineta sunaye kai tsaye. Tambayi sufabaizanka, "Malam, wa kuke ganin ya dace a haɗa mu da shi?" Abin da kake gudu shi ne malamai biyu da ba sa ga-maciji: wannan ya ce cire, wancan ya ce mayar, babi ɗaya ya yi ta kai-komo. Sakataren sashe da masinja sun san wa ke gaisawa da wa, su za ka yi wa ladabi. A cikin membobin a samu wanda ya iya lissafin ƙididdiga ko dabarun bincike, idan aikinka na buƙata. Duk gyaran da aka ba ka a semina rubuta shi, ka kai wa shugaban kwamiti ya yanke wanda za a bi.

Mai jarrabawa na waje ba zaɓinka ba ne, manta da shi. Canjin sufabaiza kuma yana yiwuwa, a rubuce ta hannun shugaban sashe, amma ka nema kafin kare furofozal, wato tsarin binciken da kake gabatarwa tun farko, ka kuma kafa dalili da sauyin fanni, ba da halin malam ba, domin yana iya zama cikin masu yi maka tambayoyi ranar kare kundi.