Tocila Mai Kawowa Tana Ɗaukewa: Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Gyaranta

Tun da wutar lantarki ta daina tabbata a garuruwanmu bayan ɓarkewar yaƙin Sudan a watan Afrilun 2023, tocila ta shiga sahun kayan da gida ba ya kwana babu su, daga Mai Wurno zuwa Sinnar har Gadarif. Mai ban ruwa da dare ba ya taka gona sai da ita saboda maciji da kunama. A teburin da nake gyaran rediyo da ƙananan kayan wuta, ƙorafin da aka fi zuwa da shi guda ɗaya ne, wato tocila tana kawowa tana ɗaukewa, ko haskenta ya dushe sai an girgiza ta. Abin da ya ishe ni shi ne yawancinsu ba sa isowa hannuna sai bayan an yi musu gyaran gangar Auzinawa, cutar da tsumma da sifirit za su warkar ta koma wadda sai an sayi sabuwa.

Wutar da ke haska ƙwai zagaye take yi. Tana fita daga kan batir ta shiga allon da ke bayan ƙwan, ta biyo jikin tocilar idan na ƙarfe ne, ta ratsa murfin gindi da makunni da sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen nan da ke danne batir, sannan ta koma gindin batir. Duk inda ƙarfe biyu suka haɗu a wannan hanya, datti ko tsatsa ko sassauci na iya yanke ta. Tocilar da ke cin ƙananan batura 3 a cikin kwando ta fi saurin kamuwa, domin mahaɗanta sun fi yawa. Kuskure na farko shi ne mutum ya kama gyara bai san wace mahaɗa ce ta lalace ba. Ni abin da nake fara yi shi ne in sa batir da na tabbatar yana da ƙarfi, in kwance murfin gindi, in ɗauki mabuɗi ko guntun waya in haɗa gindin batir da bakin bututun inda ƙarfen yake fari ba fenti. Idan hasken ya tsaya cak, laifin yana cikin murfi. Idan ya ci gaba da rawa, sai in koma wajen kai. Wannan gwaji ba ya cin ko minti ɗaya, amma da wuya ka ga wanda ya yi shi kafin ya zaro wuƙa.

Buga tocila a tafin hannu ko a jikin bango al'ada ce da ya kamata a bari. Takan kawo na ɗan lokaci saboda batir ya gusa, amma kowane bugu yana lotsa kan batirin, yana kwantar da sifirin, yana kuma tsattsaga dalmar da ke riƙe da wayoyin cikin kai.

Kankara ita ce ta fi yi mini ciwo. Mutum zai leƙa ya ga sifirin ya yi duhu, sai ya sa wuƙa ko samfefa ya goge shi har ya yi ƙyalli, ya kunna ya ga haske, ya tafi yana murna. Bai san cewa sifirin da faifan da batir ke taɓawa an lulluɓe su da wani siririn rufi na nikel ba, wasu ma ruwan zinariya ne, kuma wannan rufin ne yake hana ƙarfen ciki yin tsatsa. Da zarar an kankare shi, ƙarfen ya zauna tsirara, kuma damina na sauka zai yi ja. A Bur Sudan, inda iskar teku ke ɗauke da danshi da gishiri, ba ya ma jiran damina. Sai mai ita ya sake kankarewa, tsatsa ta sake dawowa da sauri fiye da na farko, har ranar da sifirin zai karye a hannunsa. Ku ji tsoron Allah ku ajiye wuƙar nan. Duhun da kuke gani yawanci ƙura ce da ta cakuɗe da maiƙo, irin wadda guguwar habub ke cusawa cikin kowace kafa, kuma auduga a kan tsinke da ɗigon sifirit sun ishe ta. Idan ta yi taurin kai, ina sa magogin fensir, wanda yake ɗebe dattin ya bar rufin. Samfefa ba ta da hurumi sai a wurin da tsatsa ta riga ta cinye rufin, nan ma mafi laushinta.

Wurin da ake mantawa da shi kuwa shi ne bakin bututun. Baƙin launin da ke jikin tocilar alminiyom ba ya wuce da wuta, saboda haka wuta ba ta da mashiga sai wannan siririn zobe mai fari da ke bakin. Idan ƙasa ta kwanta a kansa, ko murfin bai ɗauru sosai ba, hasken zai yi ta rawa. A goge shi, a goge zaren murɗin har tsumma ya daina fitowa baƙi. A cikin murfin kuma akwai zoben da ke danne makunni, mai ƙananan ramuka biyu, wanda yakan kwance da kansa saboda yawan buɗewa da rufewa. Ana sa bakin matsefata a ramukan a ɗaure shi, tare da lura cewa a wasu tocilolin ta hagu yake ɗauruwa.

Sai maganar cusa takardar azurfa ta kwalin sigari don a cike giɓi idan batir yana girgiza. A zamanin manyan batura masu bolt 1.5 an yi ta yin haka ana tsira, shi ya sa dabarar ta bi jikin mutane. Tocilolin yanzu da yawa suna cin batirin litiyom mai lamba 18650, wanda yake kaiwa bolt 4.2 idan ya cika, kuma yana iya sakin wuta mai yawa a lokaci guda. Duk jikin wannan batir ɓangare ɗaya ne da gindinsa, ledar da aka naɗe shi da ita da wani ɗan zobe a samansa ne kaɗai suka raba shi da kan. Na taɓa ba wani yaro da ke koyon aiki a wurina tocilar da na fi ji da ita, wadda ɗan'uwana ya kawo mini daga Jidda. Da ya ga tana ɗaukewa sai ya dunƙule takardar azurfa ya tura ta wajen kai. Takardar ta baje ta haɗa kan batir da gefensa inda ledar ta ɗan yage, kafin ya ankara bututun ya yi zafin da ba a iya riƙe shi, sifirin ya kwanta, allon ya ƙone, batirin kuma ya kumbura. Allah ne ya kiyaye bai kama da wuta a aljihunsa ba. Har yau ban sami irinta ba, kuma duk wanda ya kawo mini tocila na tarar da azurfa a ciki sai ya sha faɗa kafin in taɓa ta. Giɓin nan yana da dalili. Ko dai sifirin ya gaji, sai a ja shi a hankali da filaya ya ɗan miƙe, ko kuma batirin ne bai dace ba. Wanda ba shi da allon kariya tsawonsa milimita 65 ne, mai kariya kuwa yakan kusanci 70, sannan wani kansa a shafe yake, wani yana da ɗan tudu. Tocilar da aka ƙera don mai tudu ba za ta zauna lafiya da mai shafaffen kai ba. Batirin da ledarsa ta yage kuma ba a mayar da shi ciki sai an sake masa riga.

Sauran kurakuran ƙanana ne, amma suna taruwa. Baƙin mai ko man girki a zaren murɗi ƙura kawai yake tarawa, basilin kuma yana kumbura zoben roba mai hana ruwa shiga, don haka ni giris na silikon kaɗai nake shafawa, shi ma ɗan kaɗan, ba kuma a bakin da wuta ke bi ba. Haɗa tsohon batir da sabo yana sa tsohon ya yi yoyo. Cizon batir ko shanya shi a rana don ya farfaɗo yana fasa shi ne kawai. Barin batura cikin tocila wata da watanni a zafin da ke haura digiri 40 shi ne yake haifar da farin garin nan da ke cin sifirin. Idan na batirin alkalin ne, dangin kanwa ne, ruwan khal, wato binega, ko lemun tsami ke kashe shi, sannan a bi da sifirit a bar shi ya bushe sarai, kuma kada a taɓa ido da hannun. Idan na batir mai arha ne irin na gawayi, yoyonsa tsami gare shi, sai a jiƙa sodar girki a wanke da ita.

Idan an tsabtace ko'ina, an ɗaure zobe, gwajin mabuɗi kuma ya nuna murfi, to makunnin ne ya ƙone daga ciki. Ɗura masa sifirit ana dannawa yakan ja masa kwana, amma canza shi ya fi, kuma ana samun irinsa a jikin matattun tocilolin da ke jibge a wurin masu gyara. Idan kuwa laifin yana wajen kai, kuma an ga wayar da ta saki dalma, wannan aikin mai ƙarfen dalma ne, a kai masa ita yadda take ba tare da an ɓalle gilashin ba.