Kurakuran da muke yi tsakanin kiyaye zuciya da jiran tiyata

Ranar da aka fara auna Baffana a Garwa, sai da nas ɗin ta duba na'urar sau biyu kafin ta ce, "Alhaji, tansiyonku sha takwas da sha ɗaya." A Kamaru da Cadi haka ake faɗa, a yanke sifiri: 18/11 ɗinmu shi ne 180/110 na 'yan'uwanmu da ke Najeriya. Aka rubuta masa magani, ya sha wata guda, ciwon ƙeyar da ke damunsa ya lafa, sai ya ajiye kwalin a kan durowa. Duk lokacin da na ce, "Baffa, an sha maganin kuwa?" amsa ɗaya ce: "Kai yaro, lafiyata ƙalau. In abin ya yi tsanani ai ga Duwala nan, sai a je a yi aiki."

Bayan shekara huɗu ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya daina shiga. Ba ya iya kwanciya sai an tara masa matasai uku, wani daren ma a zaune yake kwana, jingine da bango, yana haki. Muka sayar da fili muka haɗa kuɗin aiki. Likitan da ya yi masa hoton zuciya ya juyo mana allon: zuciyar ta buɗe ta yi faɗi, tana matsawa a kasale kamar tsohuwar salka. Ya ce, "Wannan ba ciwon wuƙa ba ne. Babu abin da za a yanka a gyara."

Kuskuren Baffa shi ne wanda na fi gani a wajen mutanenmu: ɗaukar tiyata a matsayin ajiya, wadda za a je a ɗauko ranar da abu ya ɓaci. Hawan jini yana sa zuciya tura jini da ƙarfin da ya wuce ƙa'ida dare da rana. Naman zuciyar ya fara yin kauri, daga baya ya gaji ya saki. In ya kai nan, magani ne kawai zai riƙa lallaɓa shi. Gyaran kuskuren kuwa yana can baya, a kwalin da aka ajiye kan durowa. Maganin hawan jini irin su amlodifin ba kamar na zazzaɓin cizon sauro ba ne da ake sha kwana uku a gama. Yana aiki ne muddin ana shan sa, an daina jini ya koma inda yake. Kuma hawan jini sau da yawa ba ya zuwa da ciwon kai ko jiri, don haka "ina jin daɗin jikina" ba hujja ba ce. Na'ura ce ke faɗa. Duk wanda awonsa ke kaiwa 14/9 ko sama da haka a ranaku daban-daban, yana bukatar ganin likita. Mai azumi kuma ya je kafin watan ya kama a daidaita masa lokutan sha tsakanin buɗa-baki da sahur, kada ya yanke wa kansa hukunci.

Ko da ciwon na wuƙa ne, mu tuna inda muke zaune. Cibiyar zuciya ta Shisong, kusa da Kumbo, wadda aka buɗe a 2009, tana yankin Arewa maso Yamma na Kamaru ne, inda rikici ya dagula hanya tun wajen 2016. Cibiyar Salam ta Khartum, wadda ƙungiyar Emergency ta ƙasar Italiya ta buɗe a 2007 tana yi wa mutane aiki kyauta, har da 'yan Cadi, ga yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ya shiga tsakani. Saura Duwala da Yawunde ko ƙasar waje. Daga Marwa sai ka yi mota zuwa Gaundare, ka kwana a jirgin ƙasa, da majinyacin da ba ya iya kwanciya, da miliyoyin sefa da ba kowane gida ke iya haɗawa ba.

To amma akwai kuskuren da ke ɗaya gefen, kuma shi ya fi ba ni tausayi domin yara yake ci. Wasu sun ji ana cewa riga-kafi ya fi magani, sai suka ɗauka kowane ciwon zuciya zogale da tafarnuwa da barin gishiri za su warkar da shi. A zuciya akwai ƙyamare huɗu da ke buɗewa su rufe domin jini ya bi hanya ɗaya. Idan ƙyaure ya ƙanƙance ko ya daina rufuwa, babu ganyen da zai mayar da shi. 'Yar maƙwabcinmu tana da shekara goma sha huɗu aka ce ƙyaurenta ɗaya ya lalace, ana bukatar aiki. Mahaifinta, mutumin kirki mai son 'yarsa, ya ji tsoron a buɗe mata ƙirji, ya ce a gwada na gida tukuna. Aka yi shekara biyu ana jiƙe-jiƙe. Da aka koma, likita ya ce zuciyar ta yi rauni, haɗarin aikin ya ninka na da. Idan likitan zuciya ya yi hoto ya ce aiki, abin da ya kamata a tambaye shi shi ne, "Nan da yaushe, kuma me zai faru in an jinkirta?" In hankali bai kwanta ba a nemi likita na biyu ya duba. Wannan ya fi komawa gida a yi shiru.

Abin da ya kamata kowace uwa ta sani shi ne daga ina wannan lalacewar ƙyaure ke farowa. Galibi daga maƙogwaro ne. Akwai wata ƙwayar cuta da ke kama maƙogwaron yara, musamman 'yan shekara 5 zuwa 15, da zazzaɓi da zafin haɗiya. In ba a kashe ta ba, bayan mako biyu zuwa uku garkuwar jikin yaron na iya juyawa ta far wa gaɓoɓinsa da zuciyarsa. Sai ka ga gwiwa ta kumbura yau, gobe ciwon ya koma idon sawu ko gwiwar hannu. Mu kuma me muke yi? A ce beli ne a kai wa wanzami ya cire, ciwon gaɓoɓin kuma a ce sanyi ne ko amosanin ƙashi. Alhali fenisilin, maganin da ya fi kusan kowane arha, shi ke tare hanyar tun daga maƙogwaro. Yaron da ciwon ya riga ya taɓa kuwa ana yi masa allurar fenisilin mai daɗewa a jiki duk mako uku ko huɗu, shekara da shekaru. Allurar tana da zafi, yara suna gudun ta, iyaye suna gajiya da zirga-zirga. Amma duk dawowar da zazzaɓin ya yi, ƙara cin ƙyauren yake.

Sai maganar gishiri, inda da yawa ke ganin sun kiyaye alhali ba su kiyaye ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, a haɗa da wanda ke cikin duk abin da aka ci. Uwargida za ta ce maka ta daina sa wa Alhaji gishiri, amma ta murtsuke dunƙulen magi huɗu a miyar kuka, kusan rabin kowane dunƙule kuwa gishiri ne. Ga kilishi, ga yajin tsire, ga burodin safe. Ga kuma kanwa, wadda muke da ita a yalwace daga yankin Tafkin Cadi: a sa a wake, a sa a miyar kuɓewa, a jiƙa a sha don ciwon ciki. Sinadarin da ke hawar da jini a gishiri, wato sodiyam, shi ne dai a cikin kanwa. Gyaran a tukunya yake, kuma na gida duka ne, don ware wa mutum ɗaya kwano marar ɗanɗano ba ya ɗorewa. A rage a hankali, a ƙara daddawa da albasa da citta da tafarnuwa. Cikin 'yan makonni harshe ke sabawa.

Kanwar nan ta kai ni ga masu jego. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan gazawar zuciya ga matan da suka haihu, suka danganta shi da kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya kan gado mai wuta a ƙasa. Binciken da ya biyo baya ya ƙaro wasu dalilai, har da hawan jinin lokacin goyon ciki. Abin da nake roƙon iyayenmu mata shi ne, mai jegon da ke haki, ƙafa na kumbura, tana tari in ta kwanta, kada a ce jego ne bai karɓe ta ba a ƙara mata kunu. A dakatar da kanwar a kai ta asibiti ranar. Wannan ma ciwo ne na magani, kuma da yawa zuciyarsu kan farfaɗo in an kama da wuri.

Masu hali kuma nasu kuskuren daban ne. An ce wa mutum jijiyar da ke ciyar da zuciyarsa ta ƙuntata da kitse, sai ya matsu a sa masa ɗan bututun ragar nan da ake kira sitent, yana ganin ya rabu da ciwon ke nan. Manyan bincike biyu, COURAGE a 2007 da ISCHEMIA a 2020 wanda ya haɗa mutum sama da 5,000, sun nuna cewa ga wanda ciwonsa ke zaune lafiya, yana taso masa kawai in ya yi aikin ƙarfi, sa bututun bai rage mutuwa ba fiye da magani da gyaran rayuwa, ko da yake yana rage zafin ƙirji. Bututun wuri ɗaya yake buɗewa, ciwon kuwa duk jijiyoyin jiki yake bi. Haka aikin ratse, wanda ake ɗebo jijiya daga ƙafa a yi wa jini sabuwar hanya: ita ma sabuwar tana toshewa da shekaru, kuma ta fi saurin toshewa ga wanda ya koma wa sigari. Wanda ya bar sigari kuwa, cikin shekara guda ƙarin haɗarin da take jawo masa na ciwon jijiyoyin zuciya kan ragu da kusan rabi.

Kada a haɗa wannan da bugun zuciya na farat ɗaya. Nauyi a ƙirji kamar an aza buhu, yana tafiya hannun hagu ko muƙamuƙi, da zufa mai sanyi, ya wuce minti ashirin bai saki ba: wannan ba olsa ba ce, ba lokacin jiƙa kanwa ko shan madara ba ne. Asibiti mafi kusa, nan take, a ce a yi awon bugun zuciya. A irin wannan hali buɗe jijiyar da wuri shi ke ceton rai.

Wanda aka sa wa ƙyauren ƙarfe zai sha maganin tsinka jini, irin su Sintrom, har ƙarshen rayuwarsa, tare da gwajin INR, mai nuna ko jinin ya tsinke daidai, a kai a kai. Ganyaye kamar zogale da alayyafo suna taɓa aikin maganin, don haka a riƙa cin su daidai gwargwado, kada yau a cika gobe a ɗauke. Budurwa ko matar da ke son haihuwa ta faɗa wa likita tun kafin aiki, domin maganin na iya cutar da ɗan tayi. Kuma mai ciwon zuciya ya guji maganin ciwon jiki diklofenak na bakin hanya, yana tara ruwa a jiki ya hawar da jini.

Motsa jiki kuwa minti 150 a mako ake so, wato tafiya da sauri ta rabin awa, kwana biyar. A zafin Garwa na Maris da Afrilu bayan asuba ce lokacinta. A bar ɗan kalando, wato ɗan acaɓa, ya wuce in tafiyar ba nisa, a rage sukarin shayin majalisa.

Tun bayan rasuwar Baffa muka sayi na'urar awo a gidanmu, da ƙaramin littafi da ke rataye kusa da ita. Duk wanda ya wuce shekara talatin ana auna shi ranar Juma'a kafin a tafi masallaci. Ya zauna minti biyar tukuna, baya a jingine, hannu a kan tebur, ba goro ba shayi ba sigari rabin awa kafin nan. A auna sau biyu a rubuta da kwanan wata. A makon jiya ƙanwar mahaifiyata ta zo daga Kusuri, ta ce ita ba abin da ke damun ta. Na ce, "Inna, a dai miƙo hannun." Ya nuna 17/10, washegari 16/10. Ranar Litinin muka kai ta asibiti da littafin a hannu.