Kurakuran da sabbin 'yan kasuwa ke yi idan kasuwa ta juya musu baya

Na kwashe shekaru ina sayen albasa da shinkafa tsakanin Aliero, Jega da Argungu, kuma na gaji da ganin matasan da suka shigo harkar jiya-jiya suna afkawa ramukan da muka afka, alhali muna raye, ana iya tambayarmu. Faɗuwa dai ba ta bar kowa ba. Abin da mutum ya aikata a makonnin farko bayan ta same shi, shi ke raba wanda zai miƙe da wanda zai koma zaman majalisa yana ba da labarin lokacin da yake da kuɗi.

Babban kuskure shi ne zaman jiran al'amura su koma yadda suke a da. Wannan ya taɓa cin rabin jarina, shi ya sa ba na iya maganarsa cikin sanyin rai. A farkon 2023, bayan an sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka kuma sa wa'adin daina karɓar tsofaffin, tsabar kuɗi ta ɓace daga kasuwa daidai lokacin da albasar rani ta fara fitowa. Masu saye daga Kudu suka zo da motocinsu, suka ce za su biya ta tiransifa, ni kuwa na kafe cewa ban san wani ciniki ba sai na kuɗi a hannu, kamar yadda na gada. Yaron da ke kula mini da kaya ya same ni a gindin rudu, wato rumbun ajiye albasa, ya durƙusa ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ta ƙasa ta fara ruwa, a karɓi tiransifar nan." Na daka masa tsawa, na ce wa'adin zai wuce, kuɗi za su dawo. Kuɗin sun dawo, bayan hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 3 ga Maris, wanda ya ce a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun, amma albasa ba ta san da wata kotu ba. Da muka buɗe rudun, wari ne ya fara tarbar mu, muka wuni muna tsintar mai kyau muna zubar da ruɓaɓɓiya a bayan gari. Maƙwabcina, wanda ko karatun boko bai yi ba, ya sa ɗansa ya buɗe masa asusu a waya, ya sayar da tasa, sannan ya shirya da wani mai shagon hatsi yana tura masa kuɗi, manoma suna karɓar gero da masara a madadin tsaba. A wata biyun nan ya kama abokan ciniki waɗanda har yau wurinsa suke sauka, wasu daga cikinsu nawa ne a da.

Tun daga ranar na ɗaura wa kaina doka. Duk lokacin da wani abu ya sauya, ko farashi ko hanya ko dokar gwamnati, ina ɗauka cewa ya zo ke nan ba zai tafi ba, in tsara cinikina a kan haka. Idan daga baya ya tafi, babu abin da na rasa. Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, ban tsaya ƙorafi ba, na sayar da babur na haɗa da abin da ke hannuna na sayi injin ban ruwa mai aiki da sola, yanzu har maƙwabtan gona nake ba wa ruwa suna biya.

Kuskure na biyu shi ne rama asara da bashi. Bayan ambaliyar 2020, wadda ta shafe gonakin shinkafa a fadamun Kebbi, zuciya ta ɗebe ni na ci bashi na ninka girman gonar rani, wai don in mayar da abin da ruwa ya ci a kaka ɗaya. Gonar ta fi ƙarfina, taki bai isa ba, ciyawa ta rigaye ni, na ƙare da sayar da shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, tun a gona a farashin da mai bashi ya yanka. Ku matasa, wa ya gaya muku cewa kasuwa ta san kun yi asara, balle ta ji tausayinku? Wanda ya shiga ciniki da fushi, dillalai suna gane shi tun daga tafiyarsa. Ni yanzu idan na faɗi, sai na yi kwana bakwai ban sayi komai ba kuma ban karɓi rancen kowa ba, sannan in koma da kashi ɗaya cikin uku na abin da ya rage. Wasu abokaina suna cewa wannan tsoro ne, kuma ban taɓa musa musu ba.

Sauran kurakuran ba sa buƙatar dogon bayani. Kada a haɗa uwar kuɗi da kuɗin cefane a aljihu ɗaya. Kada a ɓoye wa wanda ya ba da kaya bashi cewa an faɗi, domin wanda aka gaya wa da wuri yakan ɗaga ƙafa, wanda ya ji a bakin wasu kuwa ba ya yafewa. A daina ɗora kowace asara a kan hassada da sammu kafin a buɗe littafin lissafi, idan ma akwai littafin.

Akwai kuma masu ɗaukar sauya dabara a matsayin tsalle daga wannan sana'a zuwa waccan. Da aka ga masu POS sun samu a lokacin ƙarancin kuɗi, sai kowane lungu ya cika da lema da tebur, har masu cirar kuɗi suka yi wa masu na'urar kaɗan. Sauyin da na ga yana biya shi ne wanda bai yi nisa da abin da mutum ya sani ba. Wata baiwar Allah a unguwarmu, da farashin shanshera ya faɗi, ba ta bar shinkafa ba, sai ta koma turarawa da kai wa injin casa tana sayarwa a mudu, kuma a bara ni kaina a wurinta na sayi ta azumi.