Ƙyanƙyasar ƙwan agwagwa a injin gida

Ƙwan agwagwa kwana 28 yake yi, na mai jan fuska kuwa 35. Ina riƙe zafin injin a digiri 37.5, danshi kashi 55, ina juya ƙwan safe, rana da dare. Idan saura kwana 3, daina juyawa, ƙara ruwa danshi ya kai kashi 70, ka rufe.

Nan ne nake roƙonka haƙuri. Ɗan agwagwa kan huda ɓawo ya yi shiru, wani har kwana biyu, yana shanye gwaiduwa. Kada ka ɓare masa, jijiyoyin jini ba su janye ba tukuna. Yawan buɗe murfi kuma yana busar da fatar cikin ƙwan ta manne masa. Ya fito, bar shi ciki sai gashinsa ya bushe.